Yadda Ake Gano Bairos ɗin Dengi a Jini da Sauran Ruwan Jiki: Misali daga Hartum da Umdurman

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce "zazzaɓin cizon sauro", maleriya yake nufi. Sunan ya zauna a bakin jama'a, har ta kai da zarar mutum ya ji jikinsa ya yi zafi sai ya wuce kemis ya sayi maganin maleriya ba tare da ya tambayi kowa ba. Amma sauro ba iri ɗaya ba ne, cutar da yake ɗaukowa ma ba ɗaya ba ce. Akwai zazzaɓin shawara, akwai dengi, akwai cikungunya, akwai zika, akwai zazzaɓin Kwarin Rift. Duk cizon sauro ke kawo su, kuma a kwanakin farko kamanninsu ɗaya: jiki ya yi zafi, kai ya riƙa sarawa, gaɓoɓi su yi tsami. Hausawa kuwa sun ce kama da wane ba ta wane. Komai ƙwarewar likita, ido kaɗai ba zai tabbatar masa da wacce ce a cikinsu ta kama majiyyaci ba. Sai an kai maganar ɗakin gwaje-gwaje.

Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje suke gano bairos ɗin da sauro ya sa wa mutum, ta hanyar bincika jininsa ko fitsarinsa ko yawunsa. An ɗauki zazzaɓin dengi a matsayin babban misali. An kuma ɗauki biranen Hartum da Umdurman na ƙasar Sudan, saboda sun fi shekara 120 suna da ɗakin binciken cututtuka, kuma abin da ya same su daga 2023 ya fito da amfanin wannan aiki a fili. Za a ga cewa amsar da gwaji ke bayarwa ta dogara ga abu uku: ranar da aka ɗebi samfur, irin ruwan jikin da aka ɗiba, da halin da samfurin ya isa hannun mai gwaji.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin a shiga bayani, ga yadda aka yi amfani da wasu kalmomi a wannan takarda.

Bairos: ƙwayar cuta ce mai matuƙar ƙanƙanta, wadda ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayar halittar mutum ko dabba ko ƙwaro.

Samfur: ɗan abin da aka ɗiba daga jikin majiyyaci domin a gwada.

Ruwan jini: ruwan nan mai launin rawaya-rawaya da ke tasowa sama idan jini ya daskare cikin kwalba, ko aka wulwula shi cikin na'ura.

Zaren halitta: dogon sinadari mai kama da zare da ke naɗe cikin bairos, mai ɗauke da umarnin yadda za a ƙera irinsa. A bairos irin na dengi, masana suna kiransa RNA.

Makari: a Hausar yau da kullum makari shi ne abin da ke karya dafi. A nan an ari kalmar ana nufin sinadarin da jiki ke ƙerawa da kansa domin ya yaƙi wata ƙwayar cuta takamaimiya.

3.0 Biranen Mahaɗar Nilu da Sauron Randa

Babban birnin Sudan garuruwa uku ne da kogi ya raba: Hartum da Umdurman da Bahri. A nan ne Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu a wurin da ake kira Mugran, suka zama kogi ɗaya ya nufi Masar. Umdurman tana yamma da kogin. Wurin ba baƙo ba ne ga Hausawa. Hanyar hajji ta ƙasa ta nan take bi, kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'a da yawa sun yi hijira gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Wasu suka kafa zuriya a Gadarif da Kasala da Port Sudan da unguwannin Hartum da Umdurman.

Sauron da ke yaɗa dengi sunansa Aedes aegypti. Baƙi ne mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafafu, kuma halinsa ya saɓa da na sauron maleriya. Na maleriya da dare yake cizo. Wannan kuwa da rana yake cizo, musamman da safe da kuma yamma kafin faɗuwar rana, lokacin da babu wanda ke cikin gidan sauro. Ba ya neman fadama. Ruwan da aka ajiye a gida ya fi so: randa, wadda mutanen Sudan ke kira zir, da duro, da tanki, da tsohuwar taya, da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa. Ƙwansa kan manne a jikin mazubi, ya jure bushewa wata da watanni, ranar da ruwa ya taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 ne zuwa 10. Saboda haka duk garin da ruwan famfo ba ya zuwa kullum, mutane suka koma tara ruwa a mazubai, to sauron ya sami gida.

An daɗe da sanin dengi a gabashin Sudan. Tun 1984 masu bincike suka fitar da bairos ɗin daga jinin masu zazzaɓi a Port Sudan, kuma cutar ta sha ɓarkewa a can da Kasala. A 2018 cikungunya ta kwantar da dubban mutane a Kasala, jama'a suka raɗa mata suna kankasha saboda yadda take sandarar da gaɓoɓi. A ƙarshen 2022 dengi ta yi ƙarfi a yankin Kordofan. Sai a watan Fabrairu na 2023 hukumomin lafiya suka ba da sanarwar cewa cutar ta ɓarke a Jihar Hartum kanta, abin da ba a taɓa tabbatarwa ba a da. Yankin Umbadda da ke yammacin Umdurman shi ya fi jin jiki. Gwajin jini ne ya tabbatar da wannan. Ba don shi ba, da an ci gaba da lissafa masu zazzaɓin cikin masu maleriya, sawun giwa ya taka na raƙumi.

4.0 Taƙaitaccen Tarihin Gwaji a Hartum

A 1902 aka buɗe Kwalejin Gordon a Hartum. Henry Wellcome, wani attajiri mai kamfanin magunguna a Ingila, ya ba da kayan aikin da aka kafa ɗakin binciken cututtuka da su a cikinta, aka naɗa likita Andrew Balfour ɗan Sikotlan ya shugabance shi. Balfour ya kafa ƙungiyar ma'aikata masu bin rijiyoyi da kududdufai suna kashe tsutsar sauro, maleriya ta ragu ƙwarai a birnin. A 1907 aka ƙara da ɗakin gwaji na kan ruwa, wanda ake ja a kogin Nilu zuwa kudu. A ƙarshen shekarun 1920 aka gina wani sabon ɗakin gwaje-gwaje don tunawa da Lee Stack, Gwamna Janar na Sudan da aka kashe a Alƙahira a 1924. Mansur Ali Hasib shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabance shi, daga 1952. Wannan wuri ne daga baya ya zama Babban Ɗakin Gwaje-gwajen Lafiyar Jama'a na Ƙasa, amma a bakin mutanen Hartum sunansa bai sauya ba: Ma'amal Istak.

Babban kayan aikin mutanen farko shi ne madubin likita. Da shi ake ganin ƙwayar maleriya: a shafa ɗigon jini a gilashi, a rina shi, a duba, sai ga ta zaune cikin jajayen ƙwayoyin jini. Bairos kuwa ya fi ƙarfin wannan madubi. Idan aka jera bairos ɗin dengi 20,000 kafaɗa da kafaɗa, tsawonsu milimita ɗaya ne kacal. Don haka sai aka nemi dabarar gane shi ba tare da an gan shi ba.

Ɗaya daga cikin dabarun farko da ɓeraye aka yi ta. A 1927 masu bincike sun fitar da bairos ɗin zazzaɓin shawara daga jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi. Bayan 'yan shekaru aka ƙirƙiro gwajin ɓera: a haɗa ruwan jinin mutum da bairos mai rai, a yi wa ɓeraye allurarsa, a zuba musu ido kwanaki. Idan suka mutu, babu makari a jinin mutumin. Idan suka rayu, akwai makari, wato mutumin ya taɓa yin cutar ya warke. A shekarun 1930 wannan gwaji ya nuna cewa shawara tana yawo a kudancin Sudan da Duwatsun Nuba, alhali likitoci ba su cika gane ta a asibiti ba. A 1940 kuwa annobar ta ɓarke a Duwatsun Nuba, ta kama mutum fiye da 15,000, ta kashe fiye da 1,500. Likita Robert Kirk na ɗakin Stack ya bi ta ya rubuta bayaninta. Jini ya riga ya faɗi gaskiya shekaru kafin ido ya gani.

5.0 Abin da ke Faruwa Cikin Jiki

Ba za a fahimci gwajin ba sai an san tafiyar bairos a jikin mutum, domin abin da ake nema yana sauyawa daga rana zuwa rana.

Macen sauro ce ke cizo. Idan ta sha jinin mai dengi, bairos kan yi kwana 8 zuwa 12 yana hayayyafa a jikinta kafin ya isa yawunta. Daga nan duk wanda ta ciza tana iya sa masa. A jikin mutum kuma sai an yi kwana 4 zuwa 10 kafin zazzaɓi ya taso. Ranar da zazzaɓi ya fara ita ma'aikatan lafiya ke kira rana ta farko, daga ita ake lissafi.

Daga rana ta farko zuwa wajen ta biyar, bairos yana da yawa cikin jini. A lokacin ne kuma ƙwayoyin halittar da ya kama suke zubo wani furotin mai suna NS1 cikin jinin, wanda kan iya kaiwa rana ta tara ana samunsa. Wajen rana ta huɗu ko ta biyar jiki ya fara fitar da makarin farko, mai suna IgM. Zuwa rana ta goma kusan kowane majiyyaci yana da shi, kuma yakan yi wata biyu zuwa uku kafin ya ɓace. Makari na biyu, IgG, a baya yake zuwa, amma idan ya zo ya zauna ke nan shekara da shekaru. Da makari ya yi yawa, bairos sai ya ɓace daga jini.

Ana iya kwatanta wannan da shigar ɓarawo gida. Idan aka farga da wuri, a kama shi hannu da hannu. Idan aka ɗan makara, a tsinci takalminsa da hularsa a tsakar gida. Idan kuwa an makara sosai, sai dai a tarar da 'yan banga sun cika unguwa da gorori, a gane cewa lallai wani ya shigo. Hanyoyin gwaji uku ne, kowacce da nata lokacin.

6.0 Hanyoyin Gwaji

6.1 Neman zaren halittar bairos

Wannan ita ce kama ɓarawo da hannu. Sunan hanyar PCR. Kary Mullis na Amurka ne ya ƙirƙiro ta a 1983, ya sami lambar Nobel a kanta a 1993. Matsalar da ta warware ita ce zaren da ke cikin ɗigon jini ya yi kaɗan, babu na'urar da za ta gan shi. Sai aka ce to a riɓanya shi har ya ganu.

Da farko mai gwaji zai wulwula jinin ya ware ruwansa. Sai ya zuba sinadarin da ke fasa rigar bairos, ya tace zaren ya wanke shi. Daga nan a juya RNA zuwa DNA, domin shi ne na'urar ke iya kwafa. Sai a zuba wasu gajerun zare guda biyu da aka ƙera musamman, waɗanda ba sa mannewa sai a jikin zaren dengi, kamar yadda makulli ba ya buɗe kowane kwaɗo sai nasa. A ƙara da sinadarin da ke yin kwafin, wanda asalinsa daga wata ƙwayar halitta ne mai rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka, shi ya sa zafi ba ya lalata shi. Na'ura ta riƙa ɗaga zafi zuwa wajen digiri 95 a ma'aunin Salshiyas, ta sauke zuwa wajen 60, ta sake ɗagawa. Kowane zagaye adadin zaren yana ninkawa: ɗaya ya zama 2, ya zama 4, ya zama 8. A zagaye na 10 an sami 1,024. A na 20 an wuce miliyan ɗaya. A na 30 an wuce biliyan ɗaya. Akwai sinadari mai ƙyalli da ke ƙara haske gwargwadon yawan kwafin, kwamfuta tana zana shi a allo. Idan layin ya tashi, akwai bairos. Idan ya kwanta har ƙarshe, ba a same shi ba. Aikin duka 'yan sa'o'i ne.

Amfanin wannan hanya shi ne ba ta ruɗa dengi da wata cuta, har ma tana faɗin wane iri ne cikin ire-iren dengi huɗu. Sanin irin yana da muhimmanci, domin wanda ya yi iri ɗaya ya warke ya tsira daga wannan irin ne kaɗai, kuma idan wani irin ya kama shi daga baya cutar ta fi yiwuwar yin tsanani. Aibinta shi ne tsada, da buƙatar lantarki da ƙwararru. Ga kuma haɗarin gurɓata: ƙurar kwafin jiya idan ta faɗa kwalbar yau sai ta ba da amsar ƙarya. Shi ya sa ake raba ɗakin haɗa sinadarai da ɗakin na'ura, kuma a kowane gwaji ake sa kwalba ɗaya ta ruwa zalla da ɗaya da aka san akwai bairos cikinta, domin su zama shaidu. Bayan mako ɗaya da fara zazzaɓi kuwa, da wuya wannan hanya ta sami komai a jini.

6.2 Neman furotin NS1

Wannan ita ce tsintar takalmin ɓarawo. Ana yinta da ɗan faranti na roba irin na gwajin maleriya na gaggawa. A ɗiga jini ko ruwan jini a ramin, a jira minti 15 zuwa 20. Layi ɗaya yana nufin gwajin ya yi aiki amma bai sami komai ba. Layi biyu yana nufin akwai NS1. Ba ta buƙatar lantarki, ƙaramin asibitin unguwa ma zai iya yinta. Sai dai ba ta kai PCR gani ba, musamman ga wanda dengi ta kama karo na biyu, domin tsohon makarinsa kan rufe furotin ɗin ya ɓoye shi. Saboda haka layi ɗaya bai wanke majiyyaci ba.

6.3 Neman makari

Wannan ita ce ganin 'yan banga. Hanyar da aka fi bi sunanta ELISA, an ƙirƙiro ta a ƙasar Suwidin a 1971. Faranti ne mai ƙananan ramuka 96. A zuba ruwan jini, a wanke, a zuba sinadarai bi da bi, a ƙarshe ramin da ke da makari ya sauya launi, na'ura ta auna kaurin launin. Idan aka sami IgM, cutar ba ta daɗe da shiga ba. Idan IgG kaɗai aka samu, wataƙila tsohon labari ne. Don a tabbatar, akan ɗebi jini sau biyu, tsakaninsu kimanin mako biyu. Idan makarin ya ninka sau huɗu, sabuwar cuta ce.

Babbar matsalar wannan hanya ita ce dangantaka. Dengi da shawara da zika da bairos ɗin Yammacin Nilu 'yan gida ɗaya ne, makarin ɗaya kan kama ɗaya. Wanda aka yi wa allurar rigakafin shawara ma jininsa na iya nuna alama a gwajin dengi. A ƙasa irin Sudan, inda da yawansu ke yawo tare, wannan ba ƙaramin ruɗani ba ne. Shi ya sa a 2012, da annoba ta ɓarke a Darfur, bayan gwajin da aka yi a Hartum sai da aka aika samfura Cibiyar Pasteur ta Dakar a Sanagal, ta tabbatar da cewa shawara ce. An lissafa mutum 849 da ake zaton sun kamu, 171 suka rasu, kuma tabbacin nan ne ya buɗe ƙofar yi wa miliyoyin mutane rigakafi.

7.0 Fitsari, Yawu da Sauran Ruwan Jiki

Jini shi ne samfur na farko, amma ɗibarsa sai da allura da wanda ya iya. Jijiyar jariri tana da wuyar samu, kuma a wasu wurare mutane suna ɗari-ɗari da a ɗebi jininsu. Wannan ya sa masana suka juya ga sauran ruwan jiki.

Fitsari yana da wata fa'ida ta musamman: bairos kan makara kafin ya bayyana a cikinsa, kuma yakan daɗe. Zaren dengi yana iya fitowa a fitsari daga ƙarshen makon farko har zuwa mako biyu ko fiye, lokacin da ya riga ya ɓace daga jini. Wato wanda ya zo asibiti a makare, fitsarinsa na iya faɗin abin da jininsa ya daina faɗi. A cutar zika abin ya fi fitowa fili. Wani bincike da aka yi a tsibirin Sabuwar Kaledoniya, aka buga a 2015, ya nuna ana samun zaren zika a fitsari fiye da kwana 10 bayan fara ciwo, daga nan gwajin fitsari ya shiga cikin ƙa'idar neman zika.

Yawu ya fi kowanne sauƙin ɗiba, amma bairos ɗin cikinsa kaɗan ne. Binciken Cibiyar Pasteur ta Kambodiya na 2015 ya gwada jini da fitsari da yawun yara masu dengi, ya tarar jini ya fi sauran biyun kama cutar. Don haka ana ɗaukar fitsari da yawu a matsayin mataimaka, ba magada ba.

Maniyyi kuma nasa labarin daban ne. Zika kan yi watanni a cikinsa bayan mutum ya warke, har miji ya iya sa wa matarsa, abin da ke da haɗari ga mai ciki saboda cutar tana lalata ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Idan kuwa bairos ya taɓa ƙwaƙwalwa, majiyyaci yana suma ko fizge-fizge, sai a ɗebi ruwan laka daga ƙashin baya a nemi IgM a ciki. Makari irin wannan ba ya ƙetarawa daga jini zuwa can da sauƙi, saboda haka samunsa a ruwan laka shaida ce cewa cutar ta isa wurin.

8.0 Tafiyar Samfur da Abin da Yaƙi Ya Yi

Zaren halitta ba ya jure zafi, Hartum kuwa a watannin Afrilu zuwa Yuni zafinta kan wuce digiri 40. Samfurin da za a gwada cikin kwana ɗaya ana ajiye shi a sanyin digiri 4 zuwa 8. Wanda zai daɗe sai firiza mai sanyin digiri 70 ƙasa da sifiri. A hanya kuma sai akwatin ƙanƙara. Dole kwalbar ta zo da takarda mai ɗauke da ranar da zazzaɓi ya fara da ranar da aka ɗebi jinin, domin da su mai gwaji zai san wace hanya zai bi. Samfurin da ya kwana a rana, ko ya zo babu kwanan wata, yana iya sa a ce wa mai dengi ba shi da ita. Inda babu sanyi ko kaɗan, akan ɗiga jini a takardar tacewa a busar, a aika cikin ambulan.

Wata biyu kacal bayan sanarwar dengi a Hartum, ranar 15 ga Afrilu 2023, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Ranar 25 ga watan wakilin Hukumar Lafiya ta Duniya a Sudan, Nima Saeed Abid, ya shaida wa manema labarai cewa ɗaya daga cikin ɓangarorin ya mamaye ɗakin Stack, an kori ma'aikata, kuma wuta tana yankewa. Hankalin duniya ya tafi ga samfuran ƙyanda da kwalara da shan inna da ke ajiye a wurin. Amma akwai wata asarar da ba ta yi ƙara ba: wurin da ke tabbatar da cututtuka ga ƙasa baki ɗaya ya daina aiki, sai da aka mayar da aikin Port Sudan, tafiyar kilomita ɗaruruwa.

Yaƙin ya lalata tashoshin ruwa da na lantarki, jama'a suka koma tara ruwa a duro da randa. Sojoji sun ƙwace Hartum a watan Maris na 2025, mutane suka fara komawa gidajensu. Da damina ta sauka a shekarar, dengi ta dawo da ƙarfi, ta kama dubban mutane, asibitocin Umdurman suka cika maƙil.

9.0 Amfanin Gwaji ga Majiyyaci

Mai karatu na iya tambaya: tun da dengi ba ta da magani na musamman, mene ne amfanin sanin sunanta? Amfanin yana da yawa. Na farko, maganin maleriya ba ya taɓa bairos, shansa ɓarnar kuɗi da lokaci ce. Na biyu, mai dengi bai kamata ya sha asfirin ko ibufrofen ba, domin suna ƙara haɗarin zubar jini. Farasitamol da yawan shan ruwa su ne abin yi. Na uku, dengi tana da yaudara. Tsakanin rana ta uku da ta bakwai zazzaɓi kan sauka, 'yan uwa su yi hamdala, alhali a nan ne ake shiga sa'o'i 24 zuwa 48 mafi haɗari, lokacin da ruwa kan tsiyaye daga jijiyoyin wasu majiyyata. Likitan da ya san dengi ce zai riƙa ƙidaya ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda a mai lafiya sukan kai 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikirolita, a mai dengi kuwa su faɗo ƙasa da 100,000. Zai kuma gargaɗi iyali su dawo da shi nan take idan suka ga ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko jini a dasashi. Da kulawa irin wannan, waɗanda ke mutuwa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. A lura kuma, mutum ɗaya yana iya ɗaukar maleriya da dengi a lokaci guda, saboda haka samun maleriya a jini bai kore dengi ba.

Ga hukuma ma amsar tana da amfani. Idan maleriya ce, a raba gidan sauro. Idan dengi ce, gidan sauro kaɗai ba zai wadatar ba, sai an bi gida-gida ana rufe randuna, ana wanke duro kowane mako, ana kifar da tsofaffin tayoyi.

10.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa gano bairos a jikin mutum aiki ne na lokaci. A kwana biyar na farko a nemi zaren halitta ko NS1 a jini. Bayan nan a nemi makari, a kuma tuna da fitsari. A kowane hali samfur ya isa da sanyinsa da kwanan watansa. Tun ran gini ran zane.

Darasin bai tsaya a bakin Nilu ba. A 2024 an kai rahoton masu dengi fiye da miliyan 14 ga Hukumar Lafiya ta Duniya, adadin da ba a taɓa gani ba kafin shekarar. A 2023 cutar ta kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso, kuma a ƙarshen shekarar Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Nijeriya ta tabbatar da ɓullarta a Jihar Sakkwato. Randar da ke Umbadda ita ce a Kano da Maraɗi, sauron ma shi ne. Ya kamata duk wanda zazzaɓinsa ya ƙi jin maganin maleriya ya nemi a gwada jininsa da wuri, ya kuma riƙe ranar da ciwon ya fara, domin ita ce tambayar farko da mai gwaji zai yi masa.